Yadda ake karanta hasashen igiyar ruwa da iska kafin a hau allo a kan dutse

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Katsina ne daga Ƙofar Marusa, amma aiki ya kai ni Legas, kuma a can na koyi hawan igiyar ruwa da allo a Tarkwa Bay. Na haura shekara ina yi, duk a kan yashi. Yanzu ina gida hutun ƙarshen shekara, daga nan zan wuce Dakar da abokan aikina, suna so mu shiga Ngor, wadda aka ce igiyarta a kan dutse take karyewa. Ga abin da manhaja ta nuna mini. Juma'a: mita 1.6, sakan 8, digiri 350, iska daga arewa kilomita 28 a awa. Asabar: mita 1.5, sakan 14, digiri 315, iska daga arewa maso gabas kilomita 10. Lahadi: mita 2.2, sakan 16, digiri 310, iska kilomita 12. Litinin: mita 1.6, sakan 13, digiri 320, iska kilomita 12. Talata: mita 1.0, sakan 11, digiri 325, iska daga gabas kilomita 8. A Tarkwa na sha shiga ranar da aka rubuta mita 1.5, don haka ina ganin Asabar ta yi mini daidai. Wace rana ya kamata in shiga, kuma me waɗannan lambobin suke nufi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka gida biyu ce: yadda ake fassara lambobin hasashe, da kuma ko wanda ya saba da yashi zai iya ɗaukar wannan fassara ya shiga da ita kan dutse. Bari in ba ka hukuncin tun yanzu, dalilai su biyo baya. Asabar ce ranar da igiyar za ta fi kyau a ido, amma ba taka ba ce. Ranarka Talata, kuma ko ita sai da ɗan gari a gefenka. Lambar da ka dogara da ita, wato tsawon igiyar a mita, ita ce mafi ƙarancin bayani cikin duk abin da manhajar ta nuna maka, sannan akwai lamba guda da ba ka kawo ba sam, wato lokacin cikar ruwa da janyewarsa, alhali a kan dutse ita ce ke raba wasa da rauni.

Igiyar kusa da igiyar nesa

Idan ka taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Ajiwa ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi, ka ga ruwan yana tashi ƙanana-ƙanana, a rikice, wannan na bin wancan ba tsari, kuma da iskar ta lafa sai ruwan ya kwanta. Wannan ita ce igiyar kusa, wadda iskar wurin ta haifa. Teku ma yana yin irinta, sai dai ta fi girma. Wadda masu hawan allo ke jira daban take. Guguwa ce ke tasowa can tsakiyar teku, ta yi kwana biyu ko uku tana kaɗa ruwa mai faɗin ɗaruruwan kilomita, sai ƙarfin da ta zuba a ruwan ya kama tafiya shi kaɗai bayan guguwar ta mutu. A hanya ƙananan igiyoyi suna mutuwa, dogayen su tsira, su jeru, su iso gaɓa a tsare. Igiyar nesa ke nan.

Abin da ke nuna maka wacce kake kallo shi ne lambar sakan, wato tazarar lokaci tsakanin kan igiya ɗaya da na mai bi mata. Ƙasa da sakan 9, igiyar kusa ce. Daga 10 zuwa 12, matsakaiciya. Daga 13 zuwa sama, ta nesa ce mai nauyi. Akwai lissafi mai sauƙi da zai nuna maka dalili: a ruwa mai zurfi, nisan da ke tsakanin igiya biyu a mita shi ne tazarar sakan sau kanta, sau 1.56. Mai sakan 8 tana da kusan mita 100 tsakaninta da 'yar'uwarta. Mai sakan 14, mita 306. Mai sakan 16, mita 400. Motsin ruwan kuma yana nutsawa ƙasa har kusan rabin wannan nisa, don haka igiyar Juma'a ba ta fara jin ƙasa sai zurfin ya kai mita 50, ita kuwa ta Asabar tun daga zurfin mita 150 ta fara jinta. Ruwan da ke tafe a bayan igiyar Asabar ya ninka na Juma'a nesa ba kusa ba, ko da yake a allon waya Juma'a ce ta fi tsawo.

Idan kana son kwatanta ƙarfin ranakun, ka ninka tsawon da kansa, ka ninka da sakan. Juma'a za ta ba ka kusan 20, Asabar 31, Lahadi 77, Litinin 33, Talata 11. Ka dubi Juma'a da Litinin: duka mita 1.6 ne, amma ba teku ɗaya ba ne. Ka dubi Lahadi: ƙarin santimita 70 kacal a kan Asabar, amma ƙarfinta ya ninka na Asabar sau biyu da rabi. Talata kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku ce na Asabar. Wannan lissafin ba ya gaya maka tsawon igiyar da za ka gani, amma yana hana ido ya yaudare ka.

Akwai wani abu kuma game da mita 1.5 ɗin nan. Ba tsawon igiyar da ke karyewa a gaɓa ba ne. Awon can cikin teku ne, kuma matsakaici ne: ana ɗaukar kashi ɗaya bisa uku na igiyoyin da suka fi girma a fitar da matsakaicinsu. Ke nan akwai waɗanda suka fi shi, kuma jefi-jefi a cikin sa'o'i za a sami wadda ta kusa ninka shi. Da igiya ta shigo ruwa marar zurfi gabanta yana rage gudu, bayanta na matsowa, sai ta miƙe tsaye. Mita 1.5 a sakan 14 tana iya miƙewa ta kai mita biyu da rabi a fuska, wato ta wuce kanka sosai kana tsaye a kan allo. Ta Lahadi tana iya haura mita uku da rabi.

Me ya sa dutse ya bambanta da yashi

A kan yashi ƙasa tana gangarowa a hankali, igiya tana rage ƙarfi tun daga nesa, kuma tudun yashin yana sauya wuri daga mako zuwa mako. A kan dutse zurfin yana yankewa farat ɗaya. Igiya ta taho daga ruwa mai zurfi da ƙarfinta cikakke, ta ci karo da tudun dutse, ta miƙe cikin sakan biyu ko uku. Wannan shi ne abin da ke sa ta kyau: kullum a wuri ɗaya take karyewa, ta kwanta gefe ɗaya a tsare. Shi ne kuma haɗarinta. Lokacin da kake da shi na miƙewa kan allo ya gajarta, kuma abin da ke ƙasanka ba ya lotsawa.

Ƙa'idar da aka sani ita ce igiya tana karyewa idan zurfin ruwa ya kai kusan tsawonta sau 1.3. Igiya mai mita biyu za ta karye a ruwan da bai kai mita uku ba. Inda dutsen ya miƙe da sauri, zurfin yakan gaza haka, domin igiyar nesa kafin ta karye tana zuƙe ruwan da ke gabanta. Za ka ga ruwan yana ja da baya, launinsa ya yi duhu, wani lokaci har ya riƙa tafasa a saman dutsen. Inda ka ga wannan tafasar, dutse na kusa da sama.

Dogon sakan yana yin wani aiki na biyu. Da yake igiyar tana jin ƙasa tun daga nesa, ɓangarenta da ke kan tudu yana rage gudu, na gefe yana ci gaba, sai ta lanƙwaso ta tara ƙarfinta a kan dutsen. Shi ya sa a rana ɗaya za ka ga bakin yashin da ke kusa yana da igiya daidai ƙirji, amma kan dutsen ta wuce kai. Duwatsun Dakar na aman wuta ne, baƙaƙe masu kaifi, kuma cike suke da bushiyar teku, wata halitta mai ƙayoyi dogaye da ke karyewa cikin fata.

Inda igiyar ta fito

Lambar digiri tana nuna inda igiyar ta fito, ba inda ta nufa ba. Arewa 0 ko 360, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Digiri 310 zuwa 325 arewa maso yamma ne, kuma shi ne abin da ake sa rai a wannan lokaci: daga wajen Nuwamba zuwa Maris guguwoyin arewacin Tekun Atlantika suna turo igiya kudu, Dakar kuma tana zaune a kan tsinin da ya fi kowane wuri a babban yankin Afirka kutsawa yamma. Tsibirin Ngor yana arewacin wannan tsini, yana kallon inda igiyar ke fitowa, babu abin da ya kare shi. Duk abin da teku ya aiko zai karɓa. Legas akasin haka take. Gaɓarta kudu take kallo, don haka igiyarta daga guguwoyin kudancin Atlantika take zuwa, ta fi girma daga wajen Mayu zuwa Satumba, ga kuma dogayen katangun dutse na mashigar jiragen ruwa da ke kare Tarkwa Bay. Mita 1.5 da aka rubuta wa Legas, kafin ta shigo inda kake hawa an rage mata kaifi. A Ngor babu mai rage mata.

Wannan tsini yana da wata fa'ida da ya kamata ka riƙe. Yana da gaɓa mai kallon arewa, irin su Ngor da Yof, da kuma gaɓa mai kallon kudu da kudu maso yamma, daga Almadi zuwa Wakam. Igiyar arewa maso yamma mai dogon sakan tana zagayo tsinin ta shiga ɓangaren kudu, kuma a wannan zagaye tana rage girma. Ranar da arewa ta yi yawa, kudu takan zama daidai. Sai dai yawancin wuraren can ma dutse ne, wasunsu sun fi Ngor ƙarancin zurfi.

Digiri 350 na Juma'a kusan arewa sak ne, kuma iskar ranar ma daga arewa take. Duk lokacin da ka ga igiya da iska sun fito daga kusurwa ɗaya, ga sakan kaɗan, to iskar ce ta haifi igiyar. Ka duba kuma ko manhajarka tana raba igiyoyi gida-gida, ta farko da ta biyu. Lambar da ke sama sau da yawa haɗin duka ce. Ana iya rubuta mita 1.6 a sakan 8 alhali a ƙarƙashinta akwai wata mai rabin mita a sakan 17 da ta fara shigowa.

Hakan ya kawo ni kan Asabar da yamma. Ayarin igiyar nesa yana tafiya da gudun kusan kilomita 2.8 a awa ga kowane sakan na tazara: mai sakan 14 tana yin kilomita 39 a awa, kusan kilomita 940 a yini da dare, mai sakan 18 kuwa kilomita 50. Don haka masu dogon sakan ne ke riga isowa. Idan sakan yana hawa daga rana zuwa rana, kamar daga 14 na Asabar zuwa 16 na Lahadi, sabuwar igiya ce ke tafe, kuma 'yan gabanta suna iya isowa sa'o'i kafin lokacin da aka rubuta. Halinsu shi ne dogon shiru, minti goma sha biyar ko ashirin teku na kwance, sai ayari guda ya taso can waje da inda kowa yake zaune. Wanda ya kalli ruwan minti biyar ya shiga, shi wannan ayari ke kamawa. Idan kuwa sakan da tsawo suna sauka tare, kamar daga Lahadi zuwa Talata, igiyar tana mutuwa ne, kuma abin da ka gani da safe ba zai ƙaru da rana ba. Mai koyo a bayan igiya yake shiga, ba a gabanta ba.

Iska

Ita ma da inda ta fito ake kiranta. Iri biyu ne ke da muhimmanci. Iskar tudu tana fitowa daga ƙasa ta nufi teku, ta tari igiya a fuska, ta riƙe ta tsaye, ta goge fuskarta sumul. Iskar teku tana biyo igiya daga baya, ta tura kanta ya rushe tun bai kai ba, ta cika ruwan da ƙananan tuddai. Ƙasa da kilomita 10 a awa, ko daga ina take, ba ta ɓata komai sosai. Daga wajen kilomita 20 za ka fara ganin farin kumfa a saman teku, kuma idan ta teku ce wasan ya lalace. Iskar tudu ma idan ta wuce kilomita 30 tana shiga ƙarƙashin allo ta hana shi gangarawa, ta watsa maka ruwa a ido daidai lokacin miƙewa. Wasu manhajoji da awon jiragen ruwa suke rubutawa, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.85 a awa, don haka ka tabbatar da ma'aunin da manhajarka take amfani da shi. Mutum ya ga 15 ya ɗauka kilomita ne, ashe kusan 28 ce.

Iskar da ke busar maka da leɓe yanzu a Katsina, mai tasowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, ita ce ke kaiwa har bakin teku. A Legas, da yake gaɓar kudu take kallo, iskar hunturu iskar tudu ce, shi ya sa safiyar Disamba da Janairu ruwan Tarkwa yake yin santsi ko da igiyar ƙarama ce. Da damina kuwa iskar kudu maso yamma mai kawo mana ruwan sama ita ce iskar teku a can. Kada ka ɗauki wannan sabo ka kai Ngor. A Dakar iskar wannan lokaci daga arewa zuwa arewa maso gabas take, Ngor kuma arewa take kallo, ke nan iskar da ke gyara maka ruwa a Legas ita ce ke ɓata shi a can. Idan ta karkata gabas ta zama ta gefe, da sauƙi. A ɓangaren Almadi da Wakam kuwa iskar tudu ce tsaf.

Kan wannan ne Juma'a ta faɗi: kilomita 28 daga arewa, kai tsaye cikin fuskar wurin. Ka je masallaci, ka huta, da la'asar ka hau kwalekwale zuwa tsibirin ka kalli dutsen.

Lamba ɗaya ta iska ga yini guda ba ta isa ba, sai ka buɗe ta awa-awa. Da dare ƙasa tana yin sanyi fiye da teku, sai iska ta lafa ko ta juyo daga tudu. Da hantsi ya ɗaga ƙasa ta ɗumama, iskar teku ta taso, ta fi ƙarfi daga azahar zuwa la'asar. Shi ya sa ake sammako. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Dakar wajen ƙarfe bakwai da rabi, don haka bayan sallar asuba kana da lokacin shiri. Ka lura agogon Senegal yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Idan wayarka ko manhajar ta tsaya a kan lokacin gida, duk lissafinka zai goce da awa guda.

Lambar da ka bari a baya

A Dakar ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna. Kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a matsakaici. Wata ne ke jan ruwan, don haka kwanan watan Musulunci zai yi maka jagora: a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 16 ruwa yana cika sosai ya kuma janye sosai, a wajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 bambancin yana raguwa. A manyan ranakun bambancin a Dakar yana haura mita ɗaya. Wanda ya saba jin labarin wuraren da ruwa ke sauka mita biyar zai raina wannan, amma a kan dutsen da ruwan samansa bai wuce mita biyu ba, mita ɗaya rabin abin da ke tsakaninka da shi ne.

Ruwa ba ya tafiya da gudu ɗaya. Idan ka raba bambancin gida goma sha biyu, awa ta farko yana motsa kashi ɗaya, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. Rabin ruwan ke nan yana tafiya a cikin awa biyu na tsakiya. Mutum ya shiga awa biyu bayan cika, ya ga zurfi ya ishe shi, kafin ya gaji ya nemi fita dutsen da ya bi ta kansa ya fito fili. Saboda haka ka shiga ruwa yana hawa, kamar awa biyu kafin cikarsa, ka fito bai wuce awa ɗaya da fara janyewa ba. A ce jadawali ya nuna cika ƙarfe 10 na safiyar Talata, to daga 8 zuwa 11 ne lokacinka. Ƙwararru sukan fi son ruwa ya ɗan janye domin igiyar ta fi miƙewa ta yi kogo. Wannan ba naka ba ne tukuna.

Iyakar abin da hasashe zai iya

Manhajojin nan, Windy ne ko Windguru ko Surfline, ba su da ma'aikaci a bakin Ngor. Daga manyan lissafe-lissafen kwamfuta suke ɗauka, musamman GFS na hukumar yanayi ta Amurka, wanda ake sabuntawa sau huɗu a rana, da ECMWF na Turai. Waɗannan suna yanka teku gida-gida, kowane gida faɗin kilomita da yawa, don haka ƙaramin tsibiri da tudun dutsen da ke gefensa ba sa fitowa a cikinsu. Igiyar nesa suna kama ta da kyau, domin ta riga ta baro inda aka haife ta kwanaki kafin ta iso. Iskar bakin gaɓa ce suka fi kuskurewa. Hasashen kwana biyu zuwa uku abin dogaro ne, na kwana biyar a riƙe shi da sassauci, abin da ya wuce mako alama ce kawai. Kai da kake duba Talata tun kana Katsina, lambobinta za su sauya kafin ka sauka. Abin da za ka bi shi ne siffar: igiya na hawa ko tana sauka. Idan guguwar ta yi jinkiri, ranarka tana iya komawa Laraba. Ka gwada GFS da ECMWF gefe da gefe, inda suka yi daidai ka ƙara yarda, inda suka saɓa ka shirya wa mafi girman.

Abin da ya rage ido ne. Ni ba na shiga wurin dutse sai na zauna na kalli ayari uku a ƙalla sun wuce, wanda a ranar dogon sakan yakan ci rabin awa. Ina ƙirga igiya nawa ke cikin kowane ayari, minti nawa ke tsakaninsu, ina mafi girma ta karye, ina kumfarta ta ƙare. Sai in nemi mashiga, wato gefen da ruwa ke da zurfi, igiya ba ta karyewa, inda ruwan da ya shigo yake komawa teku. Ta nan ake shiga, ta nan ake fita, kuma nan ake gudu idan ayari ya taso. Ka je ka ga wurin lokacin da ruwa ya janye ƙarshe, ka haddace inda kowane dutse yake. Idan ka zauna a ruwa ka sami alamu biyu a tudu da suka jeru, kamar gini da bishiyar bayansa, domin ka gane idan ruwa yana jan ka. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, ka zaɓi alamu na kusa.

Baƙo makaho ne ko yana da ido. Mutanen Ngor 'yan ƙabilar Lebu ne, masunta tun kaka da kakanni, kuma a cikin matasansu akwai masu koyar da hawan allo da suka san kowane dutse. Ka biya ɗaya ya shiga da kai. Shi zai gaya maka abin da babu manhajar da ta sani, kamar tsayin ruwan da wani dutse ke fara leƙowa. Idan ya ce yau ba ta yi ba, ko da lambobi sun yi kyau, ka bi maganarsa. A cikin ruwa kuma wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita. A wurin dutse kowa a guri ɗaya yake taruwa, shiga gaban wani yana iya jefa ku duka biyu kan dutsen.

Kayan aiki da faɗuwa

Ka sayi takalmin roba na shiga ruwa mai tauri a tafin, saboda ƙayar bushiya. Ka duba maɗaurin da ke haɗa ƙafarka da allo, idan ya tsage ko ya shekara yana shan rana ka sauya shi, ka kuma gwada kwance shi da hannu ɗaya idonka a rufe, domin yana iya sarƙewa a dutse. Ruwan Dakar ba na Legas ba ne: a Disamba yana sauka wajen digiri 22 ko 23, a Fabrairu da Maris ƙasa da 20. Rigar roba mai kaurin milimita 3 a jiki da 2 a hannu tana maganin sanyi, tana kuma kare fata daga gurzuwa.

Faɗuwar yashi da ta dutse ba ɗaya ba ce. Kada ka yi tsalle da ƙafa, kada ka nutsa da kai. Ka faɗi a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, jikinka a buɗe yadda ba za ka nutse da zurfi ba, hannuwa biyu a kan kai har ka fito. Kada ka nemi taka ƙasa. Idan ayari ya kama ka a ciki, kada ka yi ta kokawa da shi kai tsaye, ka riƙe allo ka tuƙa gefe zuwa mashiga. Kuma ka bar igiyar farko ta kowane ayari ta wuce, domin idan ka faɗi a kanta sauran duk a kanka za su sauka.

Idan dutse ya yanke ka, ka fito nan take ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka cire duk ɓarɓashin da ya shiga, ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙayar bushiya kuwa, ka jiƙa wurin a ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure na rabin awa ko fiye, ka zare waɗanda suka fito da hantsaki a miƙe, ba tare da murɗawa ba domin suna da saurin karyewa. Wadda ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za a je. Tun kana Katsina ka duba ko allurar tetanus ɗinka ta haura shekara goma, idan ta haura ka sabunta kafin tafiya.

Ga yadda zan tsara maka kwanakin. Juma'a kallon dutse a janyewar ruwa. Asabar da sassafe ka tafi bakin yashin Yof tare da mai koyarwa, ka ji nauyin igiya mai sakan 14 a inda ƙasa ba za ta yanke ka ba, kuma idan ya ce ta yi yawa ko ruwa yana ja da ƙarfi, ka tsaya a cikin kumfa kusa da gaɓa. Lahadi ka zauna a kan tsibirin ka kalli ƙwararru, ka lura da inda suke zama da inda suke gudu. Litinin ƙarfinta daidai da na Asabar ne, don haka idan abokanka sun matsa, iyakarka mashiga, kana zaune kan allo kana kallo daga kusa. Talata, idan da daren Litinin hasashe ya tsaya a wajen mita ɗaya, sakan yana sauka, iska ƙasa da kilomita 12 kuma ba daga arewa sak ba, ka shiga awa biyu kafin cikar ruwa, da allo mai ɗan girma wanda ka saba da shi, ka fara daga kafaɗar igiya, wato gefenta da bai karye ba tukuna, kusa da mashiga. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, ka koma Yof.